Yerwa Ta Shehu: Abin Da Baƙo Zai Gani Bayan Yaƙi, Gobara Da Ambaliya

Matafiyin da ya taso daga Kano da asuba, ya bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, in Allah ya kiyaye hanya, kafin la'asar ta yi sanyi zai iso ƙofar Maiduguri ta Njimtilo, bayan ya ci tafiyar da ta haura kilomita 550. Abin da zai fara ba shi mamaki shi ne itatuwa. Tun daga Damaturu ya saba da fili fetal, da ƙaya, da rairayi, sai ga shi kwatsam a cikin inuwar darbejiya, jere gefe da gefe na titi, wasunsu tun zamanin Turawa aka dasa su, har sun yi kaurin da mutum guda ba ya iya rungume su.

Yau fiye da shekara goma sha biyar ke nan, tun rikicin watan Yuli na 2009, baƙin da ke sauka a wannan birni yawancinsu soja ne, ko ma'aikatan agaji, ko 'yan jarida masu neman labarin ɓarna. Da wuya a sami wanda zai ce ya zo ne don kallo. Sunan garin ya riga ya manne da bama-bamai a kunnen mutanen Kano da Katsina da Sakkwato, har an manta cewa kirarin jihar shi ne Gidan Zaman Lafiya, an kuma manta cewa nan ne iyaye da kakanni ke nufi in sun ce yaro ya tafi gabas karatu.

To, amma abubuwan kallo suna nan. Waɗansu sun tsira da kyar, waɗansu sun tsira da tabo, waɗansu kuwa ana iya rasa su cikin 'yan shekaru kaɗan in ba a tashi tsaye ba. Sai dai Maiduguri ba irin garin da ke baje kayansa a bakin hanya ba ne. Wanda bai san tarihin Barno ba zai iya kwana uku a cikinsa ya koma gida yana cewa bai ga kome ba sai zafi da Keke Napep.

GARIN JIYA, SARAUTAR DAURI

In aka gwada shi da Kano ko Daura, Maiduguri jariri ne. A cikin watan Janairu na 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya sauka a kusa da kogin Ngadda, ya kafa sabon gari ya sa masa suna Yerwa, sunan da mutanen ƙasar ke danganta shi da alheri. Maiduguri kuwa sunan wani tsohon ƙauye ne mai kasuwa da ke kusa, inda Turawan Ingila suka mai da hedkwatarsu bayan sun fara zama a Mafoni. Sannu a hankali garuruwan suka haɗe. Takardun hukuma suka riƙe sunan Maiduguri, bakin jama'a ya riƙe Yerwa, kuma har gobe in Babarbare ya ce zai shiga gari, Yerwa zai ce.

Sarautar da Shehu Garbai ya sauko da ita kuwa ta girmi garin da kusan shekara dubu. Ta faro ne a Kanem, gabas da Tafkin Cadi, inda sarakunan gidan Saifawa, masu laƙabin Mai, suka zauna a Njimi, suka kuma karɓi Musulunci tun a ƙarshen ƙarni na 11. A ƙarni na 13 har masaukin ɗalibai da alhazai suke da shi a Alƙahira. Da yaƙin Bulala ya matsa musu suka ƙetaro yammacin tafki, Mai Ali Gaji ya gina Birnin Ngazargamu a wajejen 1470, aka yi fiye da shekara 300 ana mulki a cikinsa, har zuwa 1808 lokacin da masu jihadi suka ci shi. Malamin da ya tare wannan guguwa, Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi, shi ne wanda ya yi musayar wasiƙu masu zafi da Muhammadu Bello a kan halaccin yaƙar Barno, shi ne kuma ya kafa Kukawa a 1814. Ya rasu a 1837, kuma a zamanin ɗansa Shehu Umar, a 1846, gidan Saifawa ya ƙare, mulki ya tabbata a hannun zuriyar El-Kanemi. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, ya mai da gadon mulki Dikwa. Daga Dikwa aka koma Monguno, aka ɗan gwada komawa kufan Kukawa, kana aka sauka a Yerwa.

Wannan jerin sunaye yana iya gajiyar da mai karatu, amma shi ne mabuɗin garin. Duk lokacin da Barno ta rasa birni, sai ta kwashe abin da ake iya ɗauka, watau sarauta da littattafai da sunayen unguwanni da ranar kasuwa da tsarin fada, ta kai su sabon wuri ta sake shimfiɗawa. Saboda haka abin da baƙo ke gani a tsakiyar Yerwa, Kukawa ce aka sake zanawa a kan sabuwar ƙasa.

DANDAL

Wurin da ya kamata a fara shi ne Dandal, babban titin nan mai faɗi wanda ya miƙe sak har ƙofar fadar Shehu. Haka Barebari ke tsara gari tun dā: fili mai faɗi ya taso daga yamma ya dire a ƙofar mai sarauta, masallaci na gefe, gidajen manya suna kewaye. Turawan da suka ziyarci Kukawa a ƙarni na 19 sun kwatanta irin wannan Dandal ɗin a can. Ita fadar an gina ta da jan tubali gasasshe, da hasumiyar agogo a bisa ƙofa, ginin da ke nuna hannun zamanin En'e, amma jan tubalin kansa tsohon gado ne, gama da irinsa aka gina fadar Ngazargamu da ta Gambaru, ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya taka ƙasar.

Shehunai shida suka zauna a wannan gida. Bayan Garbai, wanda ya rasu a 1922, sai Sanda Kura, sai Umar Sanda Kyarimi wanda ya yi shekara 30 daga 1937 zuwa 1967, sai Umar ɗan Abubakar Garbai, sai Mustafa ɗan Umar El-Kanemi wanda ya riƙe daga 1974 zuwa 2009, sannan Shehu Abubakar ɗan Umar Garbai El-Kanemi, wanda ya hau a shekarar da wuta ta tashi. Ran 13 ga Yuli, 2012, bayan an idar da sallar Juma'a, wani yaro ya ta da bam a kusa da shi a nan bakin masallacin fada. Allah ya tsare shi, amma mutane sun mutu a wurin. Wanda ya tsaya a Dandal yau yana kallon yara na wasa, ya kamata ya san wannan.

Babban masallacin Juma'a da ke daura da fada shi ma yana da nasa labarin haƙuri. An fara aikin sake gina shi a 1986, aikin ya yi ta tsayawa yana tashi, gwamnatoci na zuwa suna wucewa, har yaran da aka haifa a shekarar da aka aza harsashi suka yi aure suka haihu, sai a 2019 aka buɗe shi.

Amma ranar da Dandal ke nuna kansa sosai ita ce ranar hawan salla. A nan ne za a ga barade sanye da sulke, dawaki cikin lifidi, hakimai da manyan riguna ɗaya bisa ɗaya, masu algaita da kumatu kamar za su fashe, da 'yan bindiga masu harbi sama har ƙasa ta girgiza. Irin waɗannan mahaya ne suka tari Denham da Clapperton a bakin Kukawa a watan Fabrairu na 1823, suka bar su baki buɗe, gama ba su zaci samun mayaƙa masu rigar ƙarfe a bayan Sahara ba. An yi shekaru ba a yi hawa ba a lokacin da tsoro ya hana taro, kuma da aka dawo da shi, dattawa da yawa sun ɗauke shi alamar sauƙi fiye da duk wata sanarwar hukuma.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fada, ko da bai taɓa zuwa ba. Galadima da Ciroma da Yarima da Kaigama da Maina duk sarautu ne da suka shigo ƙasar Hausa daga Barno. Masana harshe sun nuna cewa kalmomin kasuwa da birni da karatu da rubutu ta bakin Barebari suka iso ga Hausawa. Labarin Bayajida ma, kafin ya kai rijiyar Kusugu, sai da ya yada zango a Barno ya yi aure.

KASUWA DA UNGUWANNI

Daga fada, ƙafa ta fi mota amfani. Sunayen unguwannin da ke kewaye da ita su kaɗai littafi ne: Shehuri ta gidan sarauta, Limanti ta limamai, Hausari ta Hausawa, Fezzan ta Larabawan da kakanninsu suka ƙetaro hamada daga ƙasar Libiya da fatauci, ga Mafoni inda Bature ya fara kafa tuta. A cikin lungunan nan ne ake jin ƙamshin da ya sa matan Kano da Kaduna ke yi wa duk mai zuwa Maiduguri sautu, watau turaren wuta da humra, waɗanda matan Barebari da na Shuwa ke haɗawa da hannunsu, kowace da sirrin da ta gada wurin uwarta. A nan ne kuma, in dare ya yi, ake jin karatun tsangaya. Rubutun Alƙur'ani irin na Barno, mai kaurin baƙi da adon ja da rawaya, ya yi suna tun dā har a Arewacin Afirka, kuma har yanzu akwai alarammomin da ke zama su rubuta izu sittin da ka, da alƙalamin kara da tawada, ba tare da sun duba wani littafi ba. Wannan abu ya fi kowane gini a garin tsufa, kuma ba shi da ƙofa balle mai karɓar kuɗin shiga.

Babbar kasuwar garin ita ce Kasuwar Litinin, wadda kowa ke kira Monde Maket. Tana ci kullum, sunan kuwa gado ne daga Kukawa, inda Barth, Bajamushen nan da ya iso a 1851, ya tarar da babbar kasuwa tana ci kowace Litinin a bayan ƙofar yamma. Kasuwar ta sha wuya. An ta da bama-bamai a cikinta da bakinta a 2014 da 2015. Da asubahin 26 ga Fabrairu, 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye mafi yawanta. Gwamnatin Babagana Umara Zulum ta sake gina ta, 'yan kasuwa suka koma, kafin su gama farfaɗowa kuma ruwan 2024 ya shigo musu har cikin shaguna. Duk da haka gobe da safe za a iske su a zaune, ga lafaya iri-iri, ga tabarmi, ga kanwa, ga dabino, ga huluna.

Hula kam sai an tsaya a kanta. Wadda ake kira Zanna Bukar ta samo sunanta daga Zanna Bukar Dipcharima, ministan Jamhuriya ta Farko, wanda ya yi ta sa ta har ta zama tasa. Mafi kyawun ɗinki kuwa na mutanen Bama ne, wanda guda ɗaya kan ci makonni a hannun mai allura. Da aka ci Bama a 2014, mutanenta suka gudo Yerwa ba su ɗauko kome ba sai sana'arsu, aka riƙa ganin maza da mata a sansanonin gudun hijira da ƙarƙashin itatuwa sun duƙufa a kan zare. Hular da manyan Abuja ke kafawa a goshi ranar Juma'a, sau da yawa daga irin wannan hannu ta fito.

Mai son ganin inda dukiyar tafki ke sauka sai ya nufi kasuwar kifi ta hanyar Baga, inda ake ɗaure banda a kwali ana lodi zuwa kudancin ƙasar nan. Mai jin yunwa kuwa ya nemi burabusko da miyar kuka, ko danderu, ya kora da ardeb mai tsamiya.

INDA FARANSA TA SHIGO LABARIN

A kasuwar Gamboru ta cikin gari baƙo zai ji Barbarci da Larabcin Shuwa da Hausa da Fillanci, zai kuma ji Faransanci, ya ga ana canjin sefa a fili. Dalili kuwa shi ne Barno ita kaɗai ce jihar Nijeriya da ta yi iyaka da ƙasashe uku, Nijar da Cadi da Kamaru, kuma dukkansu Faransa ta raine su. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da hannun Faransa a cikin dalilin da ya sa aka kafa Yerwa kanta.

Rabe Fadlallah, mayaƙin da ya taso daga Sudan, ya zauna a Dikwa shekara bakwai yana mulkin Barno da bakin bindiga. Ya gina gidansa mai kauri kamar ganuwa a 1894, ya tara makamai, ya aurar da 'yarsa Hauwa ga Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, zumuncin da ya ƙare da kisan Hayatu a 1898. A 1899 aka rataye wani Bafaranshe mai suna Behagle a Dikwa bisa umurninsa. Faransa kuwa ta riga ta shirya masa rundunoni uku: ɗaya ta ƙetaro Sahara daga Aljeriya a ƙarƙashin Lamy, ɗaya ta hauro daga Kwango a ƙarƙashin Gentil, ta ukun kuwa ita ce wadda Voulet da Chanoine suka faro da ita, wadda Hausawan Nijar ba za su manta da ita ba saboda abin da ta yi a Birnin Ƙonni da Lugu ta Sarauniya. Suka haɗu a Kusuri, bakin kogin Shari, ran 22 ga Afrilu, 1900. Aka kashe Rabe aka sare kansa, shi ma Lamy ya mutu a ranar. Garin da Faransawa suka kafa a ƙetaren kogin suka sa masa suna Fort-Lamy, shi ne aka mai da Njamena a 1973. Ɗan Rabe, Fadlallah, suka bi shi har Gujba suka kashe a 1901.

Faransawa ne suka mai da gidan El-Kanemi kan gado a Dikwa, amma da tsada, gama sun ɗora wa Shehu biyan dubban daloli na azurfa a matsayin ladan yaƙi. Ana cikin tara wannan kuɗi ne Turawan Ingila suka yi wa Garbai tayin sarautar yankin da ya faɗo a rabonsu, shi kuwa ya karɓa a 1902, ya bar Dikwa wadda ta faɗa hannun Jamus. Ingila ta karɓe Dikwa a 1916, amma ba ta zama cikakken yankin Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Gidan Rabe yana nan a Dikwa, wajen kilomita 90 gabas da Maiduguri, kuma tun 1959 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Gida guda ne da tutoci huɗu suka yi kaɗawa a kansa kafin ta Nijeriya. Sai dai garin ya faɗa hannun Boko Haram, har sai da sojan Cadi suka shigo a 2015, kuma hanyar zuwa can, kamar ta Kukawa inda kaburburan Shehunan farko suke, ba hanyar da baƙo zai kama don ganin dama ba ce. Wannan ita ce babbar asarar mai yawon buɗe ido a Barno: rabin abin da ya zo gani yana bayan shingen soja.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN ƘASA

Gidan ajiye kayan tarihi da ke unguwar Kwastan shi ne wurin da zai ɗan rage wannan asara, gama a nan ake iya ganin makamai da tufafi da tukwane da kayan kiɗa na kabilun jihar a ɗaki guda. Barno tana cikin wuraren da masu tonon tarihi suka fi samun abin mamaki a Afirka ta Yamma. A Daima, kusa da Ngala, Graham Connah ya tona wani tudu a 1965 da 1966, ya tarar da zaman mutane hawa-hawa na kusan shekara dubu biyu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, wadda a lokacin tana cikin Jihar Barno, ya ci karo da itace a zurfin ƙasa. Da masana daga Jami'ar Frankfurt da jami'ar Maiduguri suka fito da shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Yana Damaturu, tun da Dufuna ta koma Yobe a rabon jihohi na 1991.

Me ya kai kwalekwale cikin wannan busasshiyar ƙasa? Amsar tana ƙarƙashin ƙafar mai tambaya. Tudun yashin da ya ratsa Maiduguri ya nufi Bama, gaɓar tsohon Tafkin Cadi ce, a zamanin da ruwansa ya malale ƙasar duka. Ko a 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya janye kusan kashi tara cikin goma na ruwan.

DAREN DA ALAU TA ƁALLE

Mutanen da suka yi yarinta a Yerwa, in aka ce musu wurin shaƙatawa, abu biyu za su ambata. Na farko gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wanda aka kafa a 1970 a tsakiyar gari, inda yara ke cika ranar salla da sabbin kaya suna kallon zaki da giwa da jimina da kada. Na biyu tafkin Alau, a kan hanyar Bama, wurin da aka ce an binne Mai Idris Alauma, sarkin ƙarni na 16 da ya kawo 'yan bindiga daga Turkiyya, kuma daga sunan wurin ne ya sami laƙabinsa. A nan aka gina madatsar ruwa a tsakiyar shekarun 1980, don shan gari da noman rani.

Daren 9 ga Satumba, wayewar 10 ga wata, 2024, madatsar ta ɓalle. Ta taɓa yin haka a 1994, amma na wannan karo ya fi muni. Kafin gari ya waye ruwa ya shiga fadar Shehu, da Kasuwar Litinin, da asibitin koyarwa, da maƙabartar Gwange, da gidan yari inda fursunoni fiye da 270 suka fice. Hukuma ta ce abin ya shafi kimanin mutum miliyan guda. A gidan namun daji kuwa, masu kula da shi sun ba da sanarwar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, suka kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai ya shiga da su unguwanni. An ga jimina tana gudu a kan kwalta. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Kuɗin gyaran dam ana iya ƙidaya shi. Littattafan da suka jiƙe a ɗakunan malaman Limanti da Shehuri, waɗanda waɗansunsu babu kwafinsu a ko'ina a duniya, ba su shiga wannan lissafi ba.

DARASIN WANI GARI A FARANSA

Tun da Faransa ta shigo labarin, ba laifi a leƙa yadda take yi da nata tsofaffin garuruwa. Ƙasar ta karɓi baƙi kimanin miliyan 100 a 2023, kuma ba dukkansu ne suka tsaya a Paris ba. A kudancin ƙasar akwai wani garin lardi mai suna Karkason, wanda yawan mutanensa bai kai na unguwa guda ta Maiduguri ba, amma yana da tsohuwar ganuwa mai hasumiya fiye da 50. A tsakiyar ƙarni na 19 ganuwar ta lalace har hukuma ta yanke shawarar a rushe ta, mutane na kwasar duwatsunta suna gina gidaje. Waɗansu 'yan garin da marubuta suka yi ta kururuwa har aka fasa, aka fara gyara a 1853, aikin ya ci fiye da shekara hamsin. A 1997 UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya, kuma yau otal-otal da masu abinci da masu sayar da tsaraba na garin da ita suke ci.

Ba za a ce Maiduguri ta zama Karkason gobe ba, gama baƙo ba ya zuwa inda yake tsoron ransa, kuma mutanen da ke neman abin da za su ci yau ba za a zarge su ba in ba su damu da tsohon bango ba. Amma abin da ya ceci ganuwar can ba ya bukatar jiran zaman lafiya, tun da dutse ma sai da aka hana kwasarsa, balle ginin ƙasa da takarda. Ɗaukar hoton littattafan malamai shafi-shafi, naɗar muryoyin tsofaffin da suka ga zamanin Sanda Kyarimi, yaɓen gidan Rabe kafin damina, kafa allo a bakin kowace unguwa da ke bayyana asalin sunanta da Hausa da Barbarci, duka ayyuka ne da kuɗinsu bai kai na gadar sama guda ba.

Akwai ma tarihin da ya fi wannan wuyar taɓawa. A 2017 gwamnatin jihar ta ba da sanarwar niyyar mai da wurin da gidan Muhammad Yusuf yake, a unguwar Tashar Jirgin Ƙasa, gidan tarihi. Jama'a suka rabu biyu, waɗansu na ganin hakan girmama ɓarna ne, waɗansu na ganin yaran da aka haifa bayan 2009 suna da haƙƙin sanin inda abin ya faro da yadda ya cinye garinsu. Masu ra'ayi na biyu suna da hujja mai ƙarfi a Dikwa: Rabe ya rushe Kukawa, ya kashe Shehu Kyari, amma zuriyar waɗanda ya zalunta ba su baje gidansa ba, kuma saboda haka ne ake da abin nuna wa yaro a yau. Tashar jirgin kanta, wadda dogo ya iso a 1964 aka yi ta murna, ta daɗe ba ta ji kukan jirgi ba.

Wanda ya yi niyyar zuwa, lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gama a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ko kuwa ya daidaita tafiyarsa da salla don ya ga hawa. Ya taso da wuri don ya wuce Damaturu da Benishek rana na sama, ya nemi ɗan gari ya yi masa ja-gora, kuma kada ya ɗaga kyamara a kusa da shingen soja. In ya je gaisuwa ƙofar fada ya tuɓe takalmi, in an ce masa wushe, ya amsa da wushe.